Niyyar Mai Gini da Fahimtar Mai Kallo: Nazarin Mutum-mutumin 'Yanci na New York da na Farfaɗowar Afirka na Dakar

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci asalin shahararrun mutum-mutumi guda biyu, da abin da aka so su wakilta, da kuma yadda jama'a suka karɓe su. An bi hanyar kwatanta tarihin kowanne tun daga tunanin farko har zuwa ranar ƙaddamarwa. Binciken ya gano cewa ma'anar da mai gini ya ɗora wa aikinsa ba ta cika dawwama ba, domin masu kallo su ne ke da ta cewa a ƙarshe.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta gunki da mutum-mutumi. Gunki abin bauta ne, mutum-mutumi kuwa siffa ce da aka sassaƙa ko aka ƙera don tunawa ko nuni. A wannan maƙala ma'ana ta biyu ake nufi, ko da yake, kamar yadda za a gani a Dakar, iyakar da ke tsakaninsu ita kanta abin jayayya ce.

2.0 Mutum-mutumin 'Yanci

A shekarar 1865 ne masanin shari'a na Faransa, Édouard de Laboulaye, wanda ya yi fice wajen yaƙi da cinikin bayi, ya kawo shawarar a yi wa Amurka kyauta. A shekarar ce yaƙin basasar Amurka ya ƙare, aka kuma haramta bauta. Wanda ya ɗauki aikin, Frédéric Auguste Bartholdi, ya riga ya gabatar wa Isma'il Pasha na Masar zanen wata baƙauyiya riƙe da fitila, don a kafa ta a bakin mashigin Suwez. Tsada ta hana. Wannan tunani ne ya sake fasali, ya zama Libertas, allahiyar 'yanci ta Rumawa.

An ƙera jikin da fallayen jan ƙarfe masu kaurin milimita 2.4 kacal, Gustave Eiffel kuma ya tsara ƙarafan da ke riƙe da su daga ciki. An kai shi New York a 1885, gunduwa 350 cikin akwatuna 214, aka ƙaddamar da shi ranar 28 ga Oktoba, 1886. Tsayinsa mita 46 ne, da dakalinsa kuwa 93.

Abin lura yana ƙasa, a gindin ƙafafunsa: karyayyen mari da tsinkakkiyar sarƙa. Wanda ya tsaya a ƙasa ba ya ganinsu, dakalin ya tare. Haka ma'anar ta ɓoyu a tarihi. Da aka buɗe tashar baƙi ta tsibirin Ellis a 1892, inda kimanin mutum miliyan 12 suka bi kafin 1954, sai siffar ta zama alamar maraba da 'yan ci-rani. Zancen bayi ya koma baya, alhali tun a 1886 jaridar baƙaƙen fata ta Cleveland Gazette ta nemi kada a kunna fitilar sai baƙar fata ya sami 'yanci na haƙiƙa.

3.0 Mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka

A kan ɗaya daga tagwayen tsaunukan Mamelles da ke unguwar Ouakam a Dakar, akwai siffar tagulla mai tsayin kusan mita 50: namiji ƙaƙƙarfa, mace a gefensa, da yaro a kan dantsensa yana nuna teku. Shugaban Senegal na lokacin, Abdoulaye Wade, ne ya kawo tunanin, Pierre Goudiaby Atepa ya tsara, kamfanin Mansudae na Koriya ta Arewa ya ƙera. An ƙaddamar da shi ranar 3 ga Afrilu, 2010, a jajibirin cikar Senegal shekara 50 da samun 'yancin kai. Manufar ita ce a nuna Afirka tana fitowa daga duhun bauta da mulkin mallaka.

Jama'a kuwa sun karanta wani abu dabam. Limamai sun kira shi gunki, suka kuma soki tufafin matar da bai rufe cinyoyinta ba. 'Yan adawa sun tsaya kan kuɗin, kimanin dala miliyan 27, a garin da ke fama da ɗaukewar wutar lantarki. Da Wade ya ce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin shiga nasa ne, a matsayinsa na mai fasahar, sai wutar ta ƙara ruruwa. Masu fasaha na gida suka yi tambaya mai nauyi: yaya za a yi shelar farfaɗowar Afirka da hannun baƙi, a ƙasar da ta haifi gwanin sassaƙa irin Ousmane Sow?

4.0 Kammalawa

A New York lokaci ne ya sauya ma'ana, sannu a hankali. A Dakar kuwa tun kafin a yanke kirtani aka fara jayayya. Bambancin yana da nasaba da hanyar samun kuɗi: talakawan Faransa sun yi karo-karo don siffar New York, sannan sama da mutum 120,000 suka amsa kiran jaridar Joseph Pulitzer don gina dakalin, yawancinsu da ƙasa da dala ɗaya. Wanda ya sa kwabonsa yana jin abin nasa ne. Saboda haka maƙalar ke ba da shawara ga masu nazari su riƙa bin diddigin wanda ya biya da wanda aka tuntuɓa, kamar yadda suke bin sunan wanda ya sassaƙa.