Wayar gaba da gugar igiya: abin da ke riƙe da jigon jirgin ruwa mai tafiya da iska

Jigon jirgin ruwa mai tafiya da iska, wato doguwar sandar da ake ɗaura filafilai a jikinta, ba ya tsayuwa da ƙarfin kansa. Wayoyi ne ke riƙe da shi ta kowane ɓangare, kuma tsinkewar guda ɗaya daga cikinsu na iya kayar da shi cikin ƙiftawar ido.

Birnin Zariya dai na da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, amma matsalolin biyu da ke damun matuƙan irin wannan jirgi ba baƙi ba ne a cikin ganuwa. Makaɗin kalangu ya san cewa idan tsarkiya ta saki sauti ya lalace, idan kuma ta cika tsauri za ta tsinke. Mai jan ruwa kuwa ya san yadda bakin rijiya ke cin igiyar guga sannu a hankali, ita ma igiyar tana cin bakin rijiyar.

Waɗannan abubuwa biyu, daidaita tsauri da hana guga, su ne ginshiƙin lafiyar jirgin da ke doguwar tafiya a teku.

Daga igiyar kwakwa zuwa wayar ƙarfe

Kafin zuwan jiragen sama, alhazan ƙasar Hausa da dama kan bi ta ƙasa har zuwa Sawakin da ke Sudan, sannan su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda a cikin jiragen katako na Larabawa da ake kira sambuk.

Tun a shekarar 1183, matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare wannan teku daga Aizab, ya kuma bayyana cewa allunan jiragen ɗinke suke da igiyar ɓawon kwakwa, ba a kafa musu ƙusa.

Jigon irin waɗannan jirage gajere ne kuma kakkaura, igiyoyinsa kuwa akan mayar da su ɓangaren da iska ke bugowa duk lokacin da aka juya akala.

Jirgin yawon teku na zamani ya sha bamban. Jigonsa dogo ne, siriri, akasari na alminiyom, kuma wayoyinsa a kafe suke dindindin. Ana yin su ne da ƙarfe mara tsatsa, galibi silli 19 da aka murɗe wuri guda. A Najeriya ana ganin irin waɗannan jirage a Lagos Yacht Club, wanda aka kafa a shekarar 1932.

Aikin wayar gaba

Wayar gaba ita ce wadda ta tashi daga saman jigo zuwa goshin jirgi. Akwai kuma wayar baya da ke jan jigon zuwa ƙarshen jirgi, sai wayoyin gefe da ke bi ta kan wasu 'yan sanduna da suka fito daga jikin jigon kamar hannuwa.

Wayar gaba tana da aiki biyu. Tana hana jigo faɗuwa ta baya, kuma a jikinta ne ake rataye filafilin gaba, wato ƙyallen da ke fara karɓar iska.

Idan iska ta cika ƙyallen, wayar kan lanƙwasa kamar baka. Babu yadda za a yi a hana wannan lanƙwasa baki ɗaya, sai dai a rage ta.

Idan lanƙwasar ta yi yawa, ƙyallen kan yi ciki kamar buhu. Daga nan jirgi zai riƙa kwantawa ta gefe fiye da kima, sitiyari ya yi nauyi, kuma ya kasa tunkarar ɓangaren da iska ke fitowa. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga jirgin da ke ƙoƙarin nesanta kansa daga gaɓa mai duwatsu yayin da iska ke tura shi can.

Haka zalika, sakakkiyar waya tana fizgar jigo duk lokacin da jirgi ya daki igiyar ruwa. Wannan fizga ce ke gajiyar da ƙarfe har sillayensa su fara karyewa, musamman a daidai inda wayar ta shiga maƙalinta.

Sai dai kuma wuce gona da iri wajen ɗaurewa na da tasa illar. Yana danna jigo ƙasa da ƙarfi, yana kuma iya tanƙwara gangar jirgin kanta. Wata alama da matuƙa suka sani ita ce ƙofofin cikin jirgi su fara ƙin rufuwa.

Yadda ake daidaitawa

A ƙasan kowace waya akwai wani maɗauri mai haƙoran noti a ɓangarorinsa biyu. Idan aka juya tsakiyarsa, wayar kan ƙara tsauri ko ta saki. Akan wanke haƙoran a shafa musu maiƙo kafin a juya, domin ƙarfe mara tsatsa na iya cijewa idan aka murza shi a bushe.

Da farko akan tabbatar jigon na tsakiya, ta hanyar auna nisan samansa zuwa gefen dama da na hagu da igiya guda.

Tsawon wayar gaba shi ke nuna yadda jigo zai karkata. Idan ya karkata baya da yawa, jirgi zai riƙa neman juya goshinsa zuwa ga iska.

Tsaurinta kuwa, a jirgin da wayar ta kai har ƙololuwar jigo, ta wayar baya ake samar da shi, tun da su biyun suna jan kan jigo ne kamar masu jan igiya. A jirgin da wayar gaba ta tsaya ƙasa da ƙololuwa, wayoyin gefe da suka karkata baya ne ke ɗauke da akasarin wannan aiki.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ɗaure waya zuwa kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyin da zai iya tsinka ta. Akwai na'urar awo irin ta Loos, amma kamfanin Seldén na ƙasar Suwidin, mai ƙera jiguna, ya bayyana wata hanya mai sauƙi da ake bi da rula.

Akan ɗaure rula mai tsawon mita 2 a jikin wayar tun tana sake, a auna tazarar da ke tsakanin ƙasan rular da maƙalin wayar. Duk ƙarin milimita 1 a wannan tazara na nufin kashi 5 cikin ɗari. Ke nan milimita 3 ya kai kashi 15, komai kaurin wayar, muddin mai silli 19 ce.

Gwaji na ƙarshe a kan ruwa ake yin sa. Idan jirgi ya kwanta kimanin digiri 20, wayoyin gefen da iska ba ta bugowa za su ɗan yi laushi, amma bai kamata su riƙa lilo ba.

A iska mai ƙarfi akan ƙara tsaurin wayar baya, a iska mai rauni a sassauta ta, idan an dawo tasha kuma a rage mata nauyi. Bayan kammalawa dole a mayar da fil-fil ɗin da ke kulle maɗauran, domin girgiza kan kwance su.

Guga

Hausawa na cewa yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Jirgin da ke rangaji sau ɗaya a duk daƙiƙa 5 zai yi hakan sama da sau 17,000 a yini guda.

Ayarin nan na ARC, wanda aka fara a shekarar 1986, yakan tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Saint Lucia a yankin Karibiyan, tafiyar kimanin kilomita 5,000 da kan ɗauki ƙananan jirage kusan mako uku. A irin wannan tafiya, igiyar da ke taɓa wani abu mai kaifi za ta goge shi sau dubbai ɗaruruwa.

Wuraren da aka fi samun guga sun haɗa da inda igiyar ɗaga filafili ke bi ta kan fuli a saman jigo, da inda ƙyalle ke jingina da hannuwan jigo ko wayoyin gefe, da kuma inda igiyar anga ke fita daga goshin jirgi.

Maganin farko shi ne a gyara hanyar igiya ta yadda ba za ta taɓa komai ba. Idan hakan ya gagara, sai a sa kariya: a ɗinka fata a kan hannuwan jigo, a zura igiya cikin guntun tiyo, a manna faci a jikin ƙyalle. Matuƙan da can kan warware tsohuwar igiya su yi gammo mai laushi su naɗa a jikin wayoyi, kuma har yanzu wasu na yi.

Akwai kuma dabarar matsar da igiya da 'yan santimita kowace rana, domin kada wuri ɗaya ya riƙa shan wahala, ko a juya ta, kai ya koma gindi.

A jiragen da ake naɗe filafilin gaba a jikin wayar, igiyar ɗaga shi na iya nannaɗe wayar daga sama. Idan aka ci gaba da ja da ƙarfi, sai ta warware sillayen wayar. Sakakkiyar wayar gaba na ƙara jawo wannan matsala.

Kariya ma na da nata tarkon. Idan aka lulluɓe ƙarfe mara tsatsa da salatif har iska ta kasa shiga, ruwan gishiri kan maƙale a ciki ya ci ƙarfen a ɓoye.

Dubawa da canji

Silli ɗaya da ya karye ya isa a canja waya baki ɗaya. Kamfanonin inshora da dama kan buƙaci a sabunta wayoyin bayan kimanin shekara 10, ko da suna ƙyalli, saboda gajiyar ƙarfe ba ta nunawa a ido.

A gasar zagaya duniya ta Golden Globe ta shekarar 2018, jirage 18 ne suka tashi daga Faransa, amma 5 kawai suka kammala, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fice jigunansu ne suka karye.

Jean-Luc Van Den Heede, Bafaranshe mai shekara 73, guguwa ta kwantar da jirginsa a kudancin tekun Fasifik a watan Nuwamba, ta lalata wurin da wayoyin gefe ke maƙale a jikin jigo. Ya hau jigon sau da dama ya ɗaɗɗaure wurin, ya rage gudu, sannan ya isa gida a watan Janairun 2019 a matsayin na ɗaya.

Wannan ne ya sa matuƙan doguwar tafiya kan zagaya jirgi safe da yamma suna shafa igiyoyi, suna duban saman jigo da madubin hangen nesa, suna kuma binciken duk wani ɗan fil ko noti da suka tsinta a ƙasa har sai sun gano inda ya fito.