Bulok ɗin Fijon Baba a Udubo: a sayar ko a tayar?

Makon jiya Yayana ya bugo mini waya daga gida, Udubo ta ƙaramar hukumar Gamawa. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Ƙanina, 'yan gwangwan sun zo sun taya ƙarfen nan na zaure, Inna ta ce a ji ta bakinka." Ƙarfen da yake nufi shi ne bulok ɗin injin Peugeot 504 na marigayi mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Yau shekara ashirin da wani abu yana ajiye a kan tsohuwar taya, an lulluɓe shi da buhu.

Yaran da aka haifa nan Ibadan ba za su gane dalilin da zai sa mutum ya kasa barci saboda guntun ƙarfe ba, don haka bari in koma baya kaɗan.

A shekarar 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kuma a 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai. Amma a hanyoyin Afirka ta yi suna. A 1975 wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da ita, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu, inda yawancin motocin da suka shiga ba sa kai ƙarshe. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da samfurinta mai silinda shida. A wannan shekara ta 1975 ɗin ne kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar PAN a Kakuri, Kaduna. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne, a farkon lamarin ta jirgin sama ake kwaso sassan motar daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ka ji zamanin da naira ke da ƙarfi! Ga kuma kuɗin Udoji sun shiga aljihun ma'aikata. Nan da nan Fijo ta zama motar gwamnati, motar alhaji, motar tasha.

Baba ya sayi tasa, wagon, a 1979. Da ita yake lodi daga Azare zuwa Kano, wani lokaci Fataskum har Maiduguri, ranar kasuwa kuma ya kewaya ƙauyukan ƙasar Katagum. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, kuma ita ta sauke ni a Kano ranar da na hau motar kudu neman abinci.

Injin nata mai silinda huɗu ne, cc 1971, yana kwance a karkace cikin bonet. Bulok ɗin ƙarfen zubi ne, kan injin kuma alminiyam. Sirrinsa yana wajen silif, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. A wannan inji ana zare silif ɗin a saka sabo, ruwan lagireto na zagaya shi kai tsaye. Ma'ana idan inji ya fara shan mai yana hayaƙi, ba sai an jefar da bulok ba. Bakanike a ƙarƙashin bishiyar maina zai canza silif da fistin da ringi, a kai karanshaf wajen masu gogewa, inji ya dawo kamar sabo. Sau uku aka yi wa na Baba haka. A karo na huɗu wani yaron mota ya tuƙa ta babu ruwa har injin ya buga. Lokacin ƙarfin Baba ya ƙare, kuma tun bayan karyewar naira a 1986 kayan gyara suka yi tsada, tokumbo daga Kwatano suka cika tasha. Aka sauke injin da niyyar "bayan girbi". Bodin ya ruɓe aka sayar, bulok ya rage. Ita ma Kaduna ta daina haɗa 504 a 2006, shekara ashirin da uku bayan Faransa ta daina.

Hujjar Yaya mai ƙarfi ce, ba zan ɓoye ba. Inji ba bodi ina amfaninsa? Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wa zai ciyar da inji mai kafireta? Kuma wannan ƙarfe gado ne da ba a raba ba, akwai haƙƙin Inna da na ƙannenmu mata uku a cikinsa. Wannan ce ta fi damuna, domin ba daidai ba ne in zauna a Ibadan in hana mutane haƙƙinsu saboda ni ina kewar da.

Ni kuma abin da nake gani shi ne, 'yan gwangwan da kilo suke saye, ba ruwansu da ko bulok ya tsage ko lafiyarsa ƙalau. Idan bai tsage ba, yana da daraja a wajen masu tsofaffin 504 fikof da har yanzu ke dakon buhuna a karkara, kuma ana iya lalubo silif da gasket a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Abin da ya fi ƙarfen wuyar samu shi ne hannun da ya san shi. A Azare akwai wani dattijon bakanike da ya yi wa Baba aiki, idonsa ya fara rauni amma almajiransa na nan.

Na ce wa Yaya, "Yaya, a yi haƙuri kada a ɗaga shi. Abin da suka taya, ni zan biya har da ƙari, a raba wa kowa rabonsa a gaban malam." Ya yi dariya ya ce ashe har yanzu ƙuruciya ba ta sake ni ba, amma ya yarda. Inna kuwa cewa ta yi in dai za a fitar mata da shi daga zaure ta samu wurin ajiye buhun gero, ita ba ta da magana.

Ranar Asabar za a ɗora shi a a-kori-kura zuwa Azare, a wanke shi da kananzir a duba ko akwai tsaga tsakanin ramukan silif. In akwai, na yi asara, 'yan gwangwan su zo su auna. In babu, duk wanda ya san inda bodin wagon mai ɗan dama ke kwance, a Sabo ko Shagamu ko Agege, don Allah ya sanar da ni.