INS Kalvari (S21)

INS Kalvari (S21) jirgin ruwan yaƙi ne mai nutso a ƙarƙashin teku, mallakar rundunar sojin ruwan Indiya. Shi ne na farko cikin jirage shida samfurin Scorpène da aka ƙera a birnin Mumbai a ƙarƙashin shirin da ake kira Project 75. Kamfanin DCNS na ƙasar Faransa, wanda yanzu ake kira Naval Group, shi ya tsara fasalinsa, kamfanin Mazagon Dock na gwamnatin Indiya kuma ya ƙera shi. Firaministan Indiya Narendra Modi ne ya ƙaddamar da shi a ranar 14 ga watan Disamba, 2017. Jirgin yana aiki da injinan dizal da batura, yana ɗaukar hafsoshi 8 da ƙananan sojoji 35. Kwamandansa na farko shi ne Kyaftin S. D. Mehendale. Tambarinsa yana ɗauke da hoton kifin shak mai zanen damisa, wanda daga gare shi ne jirgin ya samo sunansa.

Suna

Haruffan INS taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin "jirgin sojin ruwan Indiya", kuma ana sa su a gaban sunan kowane jirgi da kowane sansani na rundunar. S21 ita ce lambar da ta bambanta shi da sauran jiragen yaƙi. Ita kuwa kalmar Kalvari, daga harshen Malayalam take, harshen mutanen jihar Kerala da ke gaɓar teku a kudu maso yammacin Indiya. Da ita ake kiran kifin shak mai zanen damisa, wanda masana halittu suke kira Galeocerdo cuvier.

Wannan shi ne jirgi na biyu da ya ɗauki sunan. Kalvari na farko, mai lamba S23, samfurin Foxtrot ne ƙirar Tarayyar Sobiyet, kuma shi ne jirgi mai nutso na farko da Indiya ta taɓa mallaka. An ƙaddamar da shi a birnin Riga ranar 8 ga watan Disamba, 1967, a ƙarƙashin Kwamanda K. S. Subramanian. Ya iso tashar Visakhapatnam a shekarar 1968, ya yi aiki kusan shekara 30, aka sallame shi ranar 31 ga watan Mayu, 1996. Saboda shi ne rundunar take bikin ranar jiragen nutso duk 8 ga watan Disamba. Al'adar rundunar ce ta mayar da sunan jirgin da aka sallama a kan wani sabo, don kada sunan da tarihinsa su ɓace.

Ƙira da ƙaddamarwa

Indiya da Faransa sun sa hannu a kan yarjejeniyar jiragen shida a watan Oktoba na 2005, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3, da sharaɗin cewa a Indiya za a ƙera su tare da koya wa ma'aikatan ƙasar fasahar. An yanka ƙarfen farko na Kalvari ranar 14 ga watan Disamba, 2006. An ƙera gangar jikinsa kashi biyar daban-daban, aka gama haɗe su da walda a ranar 30 ga watan Yuli, 2014. An saka shi a ruwa a watan Oktoba na 2015, ya fara gwaji a teku ranar 1 ga watan Mayu, 2016. A watan Maris na 2017 ya harba makami mai linzami karo na farko, a watan Mayu kuma ya gwada tofido, wato bam mai gudu da kansa a cikin ruwa. An miƙa shi ga rundunar ranar 21 ga watan Satumba, 2017, kimanin shekara biyar bayan wa'adin farko na 2012.

An yi bikin ƙaddamarwa a tashar jiragen sojin ruwa ta Mumbai. Ban da firaminista, ministar tsaro Nirmala Sitharaman da babban hafsan sojin ruwa Admiral Sunil Lanba sun halarta. Bikin ya zo kwana shida bayan sashen jiragen nutso na Indiya ya cika shekara 50. Kafin Kalvari, rabon da rundunar ta karɓi sabon jirgin nutso mai dizal tun shekarar 2000, lokacin da ta karɓi INS Sindhushastra daga Rasha.

Fasali

Tsawon jirgin mita 67.5 ne, faɗinsa mita 6.2, tsayinsa mita 12.3. Nauyinsa tan 1,615 ne a saman ruwa, tan 1,775 idan ya nutsa. Gudunsa ya kai kilomita 20 a awa ɗaya a saman ruwa, a ƙarƙashin ruwa kuwa kilomita 37. Yana iya nutsawa zurfin mita 350, yana kuma iya yin kwana 50 a teku ba tare da ya koma tasha ba.

A ƙarƙashin ruwa, batura 360 ne suke ba shi wuta, kowane ɗaya mai nauyin kilo 750. Injinan dizal ba sa aiki sai da iska, don haka idan cajin baturan ya yi ƙasa dole jirgin ya taso kusa da saman ruwa, ya fito da bututun shaƙar iska, ya tayar da injina. A wannan lokacin ne ya fi sauƙin ganowa ga jiragen sama da na ruwa na abokan gaba.

Yana da bututun harbi shida masu faɗin milimita 533, yana ɗaukar makamai 18 tsakanin tofido da makamai masu linzami samfurin Exocet SM39 na kakkaɓe jiragen ruwa. Tsarin kwamfuta mai suna SUBTICS shi ne yake tattara bayanan na'urorin sauraro da na hangen nesa a wuri guda, ya nuna su ga hafsoshin da ke ɗakin sarrafawa.

Shugabanci

A tsarin mulkin Indiya, shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa, amma gudanar da rundunar ruwa yana hannun babban hafsan sojin ruwa da ke New Delhi. Kalvari yana ƙarƙashin rundunar yamma mai hedikwata a Mumbai, wadda Bayis Admiral Girish Luthra yake jagoranta a lokacin ƙaddamarwa. Sansanin INS Vajrabahu da ke Mumbai shi ne yake kula da bukatun jiragen nutso na wannan shiyya.

A cikin jirgin, kwamanda ne yake da magana ta ƙarshe. Jirgin nutso yakan daɗe bai aika saƙo ba, domin aika saƙon rediyo yana iya tona inda yake. Saboda haka kwamanda yana yanke shawarar nutsawa da tasowa da kauce wa haɗari shi kaɗai, a kan umarnin da aka ba shi kafin ya bar tasha. A ranar ƙaddamarwa kwamanda ne yake karanta takardar izinin fara aiki a gaban jama'a, daga nan a ɗaga tutar rundunar, jirgin ya zama jirgin yaƙi a hukumance. Kyaftin Mehendale ne ya yi wannan a Kalvari.

Mataimakin kwamanda shi ne yake kula da horo da ladabtarwa da tsarin aikin yau da kullum. Sauran hafsoshin sun raba aiki a tsakaninsu: akwai mai kula da injina, da mai kula da lantarki da batura, da mai fitar da hanya, da mai kula da makamai.

Ma'aikata

Mutum 43 ne suke tafiyar da Kalvari, alhali tsohon Kalvari yana bukatar kimanin 75. Bambancin ya zo ne daga yawan na'urori masu sarrafa kansu, waɗanda suke lura da injina da tankunan ruwa da iska daga ɗakin sarrafawa. Ƙarancin mutane yana rage cin abinci da iska da wuri, amma yana ƙara nauyi a kan kowa, domin ba a cika samun mai maye gurbin wanda ya yi rashin lafiya ba. Ana raba ma'aikata rukuni-rukuni, suna karɓa-karɓa dare da rana.

Daga cikin ƙananan sojoji akwai masu sauraron sauti, waɗanda su ne idon jirgin a ƙarƙashin ruwa. Da kunne da na'ura suke bambance ƙarar farfelar jirgin kasuwa da ta jirgin yaƙi da ta halittun teku. Akwai kuma masu tuƙi, da makanikai, da masu lantarki, da masu sadarwa, da masu dafa abinci. Shiru dole ne a kan kowa idan ana sintiri, domin ƙarar guduma ko ta ƙyauren ƙofa tana iya tafiya nesa a cikin ruwa.

Ana horar da sojojin nutso na Indiya a makarantar INS Satavahana da ke Visakhapatnam, inda ake koya musu har da yadda za su fita daga jirgin da ya maƙale a ƙasa. Bayan makaranta, sai mutum ya ci jarrabawa a kan sassan jirgi da matakan gaggawa kafin a ba shi bajon kifin dolfin da sojojin nutso suke maƙalawa a ƙirji. Ana bukatar kowa ya san yadda ake kashe gobara da toshe yoyo, ko da ba fanninsa ba ne.

Wannan tsanani yana da dalili. A ranar 14 ga watan Agusta, 2013, jirgin nutso INS Sindhurakshak ya fashe ya nutse a tashar Mumbai, sojoji 18 suka mutu. A watan Fabrairu na 2014 hafsoshi biyu suka rasu a wata gobara a INS Sindhuratna, abin da ya sa babban hafsan sojin ruwa na lokacin, Admiral D. K. Joshi, ya yi murabus. Ma'aikatan farko na Kalvari sun karɓi jirginsu ne shekaru kaɗan bayan waɗannan haɗurra, kuma da yake shi ne na farko a samfurinsa, a kansu aka gwada tsare-tsaren aikin da jiragen baya suka bi. Daga shekarar 2018 rundunar ta samu ƙananan jiragen ceto biyu ƙirar Birtaniya, ɗaya a Mumbai ɗaya a Visakhapatnam, masu iya kai ɗauki har zurfin mita 650.

Tambari da take

Tambarin Kalvari yana bin tsarin tamburan jiragen sojin ruwan Indiya. A can sama akwai jiragen ruwa uku masu filafilai, don tunawa da daɗaɗɗen tarihin Indiya na tafiye-tafiye a teku. Ƙasa da su akwai Ashoka Chakra, wato dabaran nan mai sanduna 24 da ke tsakiyar tutar ƙasar, da doki a gefe ɗaya da bijimi a ɗaya gefen, kamar yadda suke a tambarin gwamnatin Indiya. A babban filin tambarin akwai kifin shak a bisa igiyoyin ruwa shuɗi da fari. A bayanin rundunar, kifin yana nuni ne ga zafin nama da ƙarfi da iya farauta. Kifi ne na ruwa mai ɗumi, yana farauta shi kaɗai, galibi da dare, kuma tsawonsa yana iya kaiwa mita biyar.

Ban da tambarin hukuma, jirgin yana da wata alama tasa da ake fito da ita a lokacin bukukuwa. Tana da zobe mai ruwan toka a kewaye, wanda yake wakiltar tagar jirgin abokan gaba. A ciki an zana shak mai launin ƙarfe yana tasowa zuwa ga tagar, teku kuma yana ci da wuta a bayansa. An zana igiyoyin ruwan da baƙi da ruwan lemo, irin zanen damisar Bengal, wadda ita ce dabbar da Indiya ta ɗauka a matsayin alamar ƙasa. Sunan jirgin da lambarsa suna rubuce a ƙarƙashin take.

Taken jirgin da Turanci yake, Ever Onward, ma'ana a riƙa yin gaba ba tsayawa.

Matsaloli

A watan Agusta na 2016, lokacin da Kalvari yake gwaji, jaridar The Australian ta ba da labarin cewa shafuka sama da 22,000 na takardun sirrin DCNS game da jiragen Scorpène na Indiya sun fita waje. Rundunar ta ce ɓarnar ba ta kai yadda ake tsoro ba, aka ci gaba da aikin. A shekarar ce kuma gwamnati ta soke cinikin tofido samfurin Black Shark na Italiya, saboda zargin cin hanci da ya shafi wani kamfani na rukunin Finmeccanica. Wannan ya sa jirgin ya fara aiki da tsofaffin tofido samfurin SUT ƙirar Jamus. Haka nan an ƙaddamar da shi babu na'urar da take ba jirgi damar daɗewa a ƙarƙashin ruwa ba tare da shaƙar iska ba. A wancan lokacin an tsara sanya masa irin wadda hukumar binciken tsaro ta Indiya, DRDO, take ƙerawa idan ya shiga babban gyara.

Sauran jiragen samfurin

Jirage biyar ne suka biyo bayan Kalvari: INS Khanderi a 2019, INS Karanj da INS Vela a 2021, INS Vagir a 2023, sai INS Vaghsheer da aka ƙaddamar ranar 15 ga watan Janairu, 2025. Dukkansu sun gaji sunayen tsofaffin jiragen Foxtrot na rundunar. Ban da Indiya, ƙasashen Chile da Malesiya da Brazil ma suna amfani da jiragen Scorpène.