Blair Athol: Garin da Kwal Ya Kafa, Kwal Ya Tasa

A tsakiyar jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya, kusa da garin Clermont, akwai wani daji mai nisa da ake kira Blair Athol. Tarihinsa ya nuna cewa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na ɗan lokaci ne, kuma kiwo ya fi shi daɗewa. Makiyaya Turawa ne suka fara kafa gandun dabbobi a wurin, a ƙasar da 'yan asalin yankin suka daɗe suna zaune. A 1864 masu haƙa rijiya a gandun suka ci karo da kwal, wanda daga baya aka gano kaurinsa a wasu wurare ya kai mita 30. Layin dogo ya iso a 1910, ma'aikata suka taru, gari ya bunƙasa da makaranta da kantuna.

Sai dai garin a kan kwal ɗin yake zaune. Da aka yanke shawarar yaye ƙasar a haƙe ta daga sama, aka kwashe mazauna, yawancinsu zuwa Clermont, aka rushe gidajen. A 1984 babban ramin ya fara aiki, ana kai kwal ga tashoshin wutar lantarki na Japan. Kamfanin Rio Tinto ya dakatar da haƙa a 2012, daga baya aka sayar da ma'adinan ga TerraCom a kan dalar Ostireliya ɗaya tak, saboda nauyin gyaran ƙasar da ke wuyan mai shi.

Wani zai ce kwal ne ya kawo albashi mai tsoka da hanyoyi da kuɗin shiga ga gwamnati, abin da shanu ba su taɓa yi ba. Haka ne, amma albashin yana tafiya tare da farashin kasuwar duniya, ramin kuwa yana nan. Wani kuma zai tunatar cewa kiwon ma da ƙwace ƙasa ya fara. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba ta wanke makiyayan ba. Bambancin shi ne ciyawar kiwo tana sake tsirowa bayan damina, kwal kuwa in an kwashe shi ya tafi ke nan. Shi ya sa a yankin, burin gyaran tsofaffin ramuka galibi shi ne mayar da su wurin kiwo. Duk al'ummar da ke zaune a kan ma'adini ta nemi a ajiye kuɗin gyaran ƙasarta tun kafin a fara haƙa.