Daga Ayarin Gabas Zuwa Filin Garwa: Tarihin Hawanmu Sama da Dokokin da Muka Tarar



Duk shekara da zarar an sha ruwan ƙaramar salla, zauren Sarkin Hausawa yakan cika da maniyyata da 'ya'yansu, kowa da takardunsa a hannu da tambayarsa a baki. Don me za a auna mini kaya kamar mai sayar da gyada? Me ya sa aka ce jirgi zai tashi da hantsi, sai ga shi har isha muna zaune? Ina laifin 'yar wuƙar yankan farce? Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Mu da aikinmu ya zama cike takardu da karanta wa dattawa abin da ke jikin tikiti, mun ga ya dace mu bi zancen tun daga tushe, domin kowace doka a cikinsu tana da ranar da aka haife ta, wasu kuwa da rayukan mutane aka saye su.

Kakanninmu ba su san wani abu filin jirgi ba, sun san hanyar Gabas. Mai niyyar hajji daga ƙasar Adamawa yakan sallami iyalinsa sallamar da ba a sa ran dawowa, ya raba abin da zai raba, ya bi ayari ya haura arewa. A ƙetare a Kusiri a shiga Fort-Lamy, wadda yau ake kira Injamena, daga nan sai Abeshe, sai Janaina, sai Fashir, sai Ubayyid, har a dangana da Hartum, sannan a gangara bakin Bahar Maliya a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ba ya kaiwa. Inda ya ƙare nan mutum zai yada zango ya yi noma, ko ɗinki, ko almajiranci, ya tara na gaba. Shekara biyu, uku, bakwai, duk tafiya ce. Da yawa sun tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira na Sudan, suka yi aure suka hayayyafa, jikokinsu na can har gobe ana kiransu Takari. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, jama'ar da suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903 ne suka kafa shi a ƙarƙashin ɗansa. Idan tsohuwa a unguwarmu ta ce tana da dangi a Sudan, wannan hanyar ce ta kai su.

Abin mamaki, wasu daga cikin jiragen farko da suka ratsa wannan sashe sawun ayarin suka bi, sai dai su daga Gabas suka fito. A ƙarshen Oktoban 1925 wasu ƙananan jiragen yaƙi uku na Ingila suka taso daga Masar a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Cadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Abin da yake cin shekaru a ƙafa suka cinye shi cikin kwanaki ƙalilan. A yaƙin duniya na biyu kuma, bayan Cadi da Kamaru sun bi Janar de Gaulle a watan Agustan 1940, sai aka riƙa harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, ana tuƙa su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Janaina, Fashir da Hartum har Alƙahira. Duba sunayen zangunan nan da kyau, ka ga na alhazan da ne. Ba wai Bature ya tambayi madugu hanya ba. Inda ruwa da gari suke, nan mai jaki yake sauka, nan kuma mai jirgi yake samun wurin ajiye mai.

A nan arewacin Kamaru kuwa, nama ya riga mu hawa. A shekarun 1950 ana yanka shanu a Gaundare da Fort-Lamy, a loda naman a jirgi a kai shi Duwala da sauran biranen kudu inda ƙudan tsando ya hana kiwo. Talaka yana kallon ƙafar sa tana hawa sama, shi ko motar kwana uku bai samu ba.

Bayan samun mulkin kai, ƙasashe 11 suka haɗu a Yawunde ranar 28 ga Maris 1961 suka rattaba hannu a kan kafa Air Afrique. A ƙasarmu aka sa hannun, amma a Abijan aka ajiye hedikwata. Shekara goma bayan haka Shugaba Ahmadu Ahijo ya janye Kamaru, aka kafa Cameroon Airlines, wanda ya fara tashi a Nuwamban 1971. Ahijo haifaffen Garwa ne, kuma ya san ciwon garinsu. Binuwai ba ta ɗaukar manyan jiragen ruwa sai 'yan watannin tsakiyar damina. Layin dogo da aka ja daga kudu ya iso Gaundare a 1974 ya tsaya cak, har yau bai gangaro dutsen ba. Saboda haka a zamaninsa aka mai da filin Garwa na ƙasa da ƙasa, da titin sauka mai tsawon sama da kilomita 3. Masu cewa son kai ne ya sa ya yi wa garinsu gata ba su rasa hujja ba, amma wanda ya taɓa kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde, ya wayi gari a Gaundare, ya sake cin kusan kilomita 280 a mota kafin ya ga gadar Binuwai, shi ya san bambancin wannan da tafiyar awa ɗaya da 'yan kai.

Kamfanin ya yi tashe. A 1981 ya kawo ƙaton Boeing 747 mai suna Mont Cameroun, wanda gabansa mutane, bayansa kaya. Ranar 5 ga Nuwamban 2000 jirgin ya zarce titi wajen sauka a Faris. Ba a rasa rai ba, amma bai sake tashi ba. Bashi da sakaci suka ci kamfanin har ya rufe a 2008, Air Afrique kuwa tun 2002 ya riga shi kwanciya. Camair-Co da ya gaje shi ya fara aiki ranar 28 ga Maris 2011, shekara 50 cif da zaman Yawunde. A ganinmu babbar asarar mutanen arewa a wannan faɗi-tashin ita ce tabbas: ɗan kasuwa yana iya jure tsada, abin da ba ya iya jurewa shi ne rashin sanin ranar tafiya.

To, mu dawo kan awon kaya, tunda shi ne ya fi jawo ɓacin rai. Jirgi ba ya tashi sai ya yi gudu. Fukafukansa an ƙera su ne yadda idan iska ta bi ta kansu da ƙarfi, za su karkata ta ƙasa, ita kuma ta ɗaga su sama. Babban jirgin fasinja sai ya kai gudun kilomita 250 zuwa 300 a awa kafin hancinsa ya ɗaga. Shi ya sa ma yake fuskantar iska idan zai tashi ko zai sauka. Amma iska ba ɗaya ba ce. Idan ta yi zafi takan sake, ta yi shara-shara, fiffike bai samu abin dafawa sosai ba, inji ma bai samu abin shaƙa ba. Mu kuwa ba sai an gaya mana zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke wuce 40. A irin wannan rana jirgin da zai ɗauki kaza da asuba ba zai iya ɗaukarsa da azahar ba sai ya ƙara tsawon gudu, titi kuwa yana da iyaka. Kafin kowane tashi matuƙi yakan haɗa lissafin nauyin jirgi, da mutane, da kaya, da mai, da zafin rana, da tsawon titi. Man ba a taɓa shi, domin doka ta wajabta a ɗauki wanda zai kai inda za a, da wanda zai kai wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da kuma na ajiya. Idan lissafi ya yi yawa, kaya ne za su sauka.

Haka nan ba yawan nauyin kaɗai ake dubawa ba, har inda aka ɗora shi. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala ya san abin da ke faruwa idan gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Jirgi ma idan gaba ko baya ya rinjaya, sarrafa shi yakan gagara. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci a ce ka koma kujerar da aka rubuta maka ko da ka ga wasu a buɗe. Kilo 23 da kamfanoni da yawa ke sa wa kowace jaka, da kilo 32 da ba a yarda jaka guda ta wuce ba, akwai kuma tausayin bayan masu dako a ciki. Kowane kamfani da nasa adadin, yana rubuce a tikiti. Hajiya mai buhun garin kunu da tulin kilishi da yaji, gara a auna su a gida a kan sikelin mai shago, da a kwance ƙulli a gaban jama'a ana zaɓen wanda za a bari.

Hazo shi ne ɗaya abokin gabar. Ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, mafi yawanta daga wani kwari mai suna Bodele a arewacin Cadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe. Na'ura tana iya jawo jirgi har kusa da ƙasa, amma akwai wani mataki da idan matuƙi ya iso bai ga titi da idonsa ba, dole ya sake hawa sama. Masu ba shi umarni daga hasumiya ma'aikatan ASECNA ne, hukumar da ƙasashen rainon Faransa suka haɗu a kanta tun Disamban 1959. Sau da yawa rana tana haske a kanmu muna gunaguni, alhali jirgin da muke jira hazo ne ya riƙe shi a wani gari.

Wanda yake ganin jinkiri wulaƙanci ne, ya tuna ranar 11 ga Yulin 1991. Wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa don jigilar alhazan Najeriya, ya shirya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna cewa an san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, amma gudun ɓata lokaci ya sa aka sallame shi a haka. Tayoyi suka fashe yana cikin gudu, suka kama wuta, aka naɗe ƙafafun cikin jirgin da wutar a jikinsu. Matuƙan sun juyo don su sauka, ba su kai titi ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu. Aikin da aka ƙi tsayawa a yi bai wuce busa taya ba.

Wuta ita ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro, domin a can sama babu inda za a gudu. Saboda ita aka hana risho, da kananzir, da tukunyar gas, kayan da alhazan da ba sa tafiya sai da su. Saboda ita ne kuma a yau ake cewa batirin cajin waya ya zauna a jakar hannu, kada a jefa shi cikin akwatin da za a kai ƙasan jirgi: idan ya yi zafi ya fara hayaƙi a gabanka za a gani a kashe, a can ƙasa kuwa babu mai kai hannu. Wuƙa da almakashi akasin haka ne, su a babban akwati ake sa su. An tsananta wannan bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka. Dokar ruwa kuwa, wadda ta ce kada kwalba a jakar hannu ta wuce mililita 100, an kafa ta ne a 2006 bayan an bankaɗo wani shiri a Ingila na shiga jirage da abin fashewa a kwalaben lemo. Ita ce take cinye mana zuma da man shanu da turare a bakin ƙofa. Zamzam ma ba a yarda a cusa shi cikin akwati ba. Akwai jarka ta musamman mai lita 5 a rufe, ita ake karɓa daban.

Toshewar kunne da ke firgita dattawa ba ciwo ba ne. Jirgi yakan yi tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda sanyi ke kai 50 ƙasa da sifiri, iskar kuma ba ta isa numfashi. Saboda haka ake matsa iska a cikinsa, amma ba ta kai ta ƙasa ba, kamar dai mutum yana kan dutse mai tsayin mita 2,000. Wajen sauka iskar waje takan danna dodon kunne. Haɗiyar yawu, ko hamma, ko taunar goro sukan buɗe shi, jariri kuma a ba shi nono. Mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai tsohon ciki, su ga likita tun kafin a biya kuɗi. Katin rigakafin shawara da allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema, kada a bar su sai ranar tafiya.

Akwai mas'alar da kakanninmu ba su sani ba sai da jirgi ya kawo ta. Mai tafiya a ƙasa yakan isa miƙati ya sauka, ya yi wanka, ya ɗaura harami a natse. Jirgi kuwa yana gudun kusan kilomita 900 a awa, daidai miƙatin yakan wuce cikin ƙiftawar ido. Wanda za a fara kaiwa Madina ba shi da damuwa, a Zul-Hulaifa zai yi harama idan ya fito. Wanda za a sauke a Jidda ya wuce Makka kai tsaye, malamai sun yi saɓani a kan ko Jidda ta isar masa. Da yawan malamanmu sukan ce ya sa tufafin haramin tun daga Garwa, ya yi niyya idan an yi sanarwa a jirgi. Kowa ya tambayi malaminsa, kuma ya tambayi jagoran tawaga a wane gari za a sauka, domin amsar farko a kan ta biyun take rataye.

Tsakanin Garwa da Jidda a miƙe ya ɗan haura kilomita 3,000, tafiyar awa huɗu zuwa biyar, kuma mafi yawanta a kan Cadi da Sudan ne. Mai kujerar taga, idan sama ta yi garau, ƙasar da ke shuɗewa a ƙarƙashinsa ita ce Wadai da Darfur da Kurdufan. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar Sudan, sai jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka koma zagaye, wasu ta kudu wasu ta arewa. Zagaye yana ƙara awoyi, awoyi suna ƙara mai, mai kuma yana ƙara kuɗin kujera, yana rage abin da jirgi zai iya ɗauka na kaya.