DAGA "HAUKAN" VOULET ZUWA DOKTORA: WA KE DA IKON CEWA HANKALIN MUTUM YA TAƁU?

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ilimi da Faransawa ke kira psikoloji, mu kuma a rediyo muna cewa ilimin halayyar ɗan Adam. Wasu za su ce ina ruwan mai noman hatsi a Korgom ko Kanambakashe da wannan karatu. Ku biyo ni a hankali, don zancen ya fara ne a ƙofar gidanmu.

Duk ɗan Tasawa ya san labarin Maijirgi. A shekarar 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin kapitan Voulet da kapitan Chanoine ya ratso ƙasar Hausa ya nufi tafkin Cadi, yana ƙone garuruwa yana kashe mutane, daga Lugu ta Sarauniya zuwa Birnin Ƙonni har Koran Kalgo. Da labari ya kai Faris, aka turo kanar Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Kwana biyu zuwa ukku bayan nan sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu na nan Maijirgi.

To, mi aka ce a Faransa? Da aka rufe bincike a 1902, bayanin da aka tsaya a kai shi ne wai zafin ranar ƙasarmu ya juya masu ƙwaƙwalwa. Har suna suka ba ciwon, "soudanite", wato haukan ƙasar Sudan. Kun ji fa. Babu likitan da ya zauna da su ya auna su, babu gwajin da aka yi. Kalma guda aka samo, ta wanke gwamnati, ta ɗora laifi bisa rana. Su kuwa waɗanda suka tsira, matan da suka ga an kashe ƴaƴansu, yaran da suka kwana cikin daji, ba wanda ya tambayi halin da hankalinsu ya shiga. Ni a ganina daga nan ya kamata a fara: wanda ke da ikon raɗa wa ciwo suna, shi ke cewa wa za a tausaya wa, wa za a manta da shi.

A daidai wancan zamani ilimin kansa jariri ne. Shekara ashirin kacal kafin Dankori, a 1879, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko a birnin Leipzig. Aikinsa shi ne awo: a kunna fitila ko a buga ƙararrawa, a ƙirga lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya motsa hannu, a maimaita da mutane da yawa, a kwatanta. Wannan shi ne reshen gwaji. Wani ɗalibinsa Ba'amurke, Lightner Witmer, ya koma gida ya buɗe wurin duba mutane a jami'ar Pennsylvania a 1896, ya fara da yaran da karatu ke ba wuya. Wannan kuma shi ne reshen jinya, inda ake zama da mutum guda a saurare shi. Rassan biyu sun daɗe suna hararar juna kamar kishiyoyi. Sai a 1949 aka yi sulhu ta fuska biyu: a Amurka, taron garin Boulder ya tsai da cewa mai doktora a wannan fanni dole ya iya bincike kuma ya iya jinya, a Faransa, Daniel Lagache, wanda ya jagoranci kafa lisansin psikoloji a Sorbonne a 1947, ya fitar da littafi yana cewa gwaji da jinya gida ɗaya ne.

Mu a nan fa? Ba zama muka yi muna jiran Leipzig ba. Wanda hankalinsa ya taɓu, ana kai shi wajen malam a yi mashi rubutu da addu'a, ko wajen boka, ko wajen ƴan bori a yi mashi girka. A Maraɗi Iya ce shugabar ƴan bori, a Tibiri kuwa Inna, kuma dukansu sarauta ce ta fada. In abin ya gagara, mutum ya fara duka ko yana shiga daji, sai turu ko mari. Mulkin mallaka bai kawo wani abin kirki a madadin haka ba. Tun daga 1897 an riƙa ɗibar masu taɓin hankali daga Senegal a jirgin ruwa ana kai su gidan mahaukata na Marseille, kuma sai a 1938 aka sa hannu kan takardar kafa sashen kula da su a Afirka ta Yamma ta Faransa.

Canji na gaske ya zo ne dab da samun ƴancin kai, daga wurare biyu. A Abeokuta ta Nijeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro a 1954: maimakon kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani danginsa, da rana ya zo a duba shi, da dare ya kwana cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Mutumin nan ya kai ga zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A Dakar kuma, Henri Collomb ya riƙe sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Fann daga 1959 zuwa 1978. Shi ma ya ce majinyaci ya zo da ɗan rakiya, ya kuma kawo zaman da Wolof ke kira "penc", irin zaman dandali, inda likita da majinyata da dangi ke tattaunawa. A 1965 suka fara buga mujallar Psychopathologie africaine.

A wannan zamani ne kwarin Maraɗi ya shiga littattafai. Wata Bafaransa, Jacqueline Nicolas, ta zauna cikin ƴan bori, ta fitar da Les juments des dieux a 1967, ma'ana goɗiyoyin iskoki, sannan wani littafi mafi girma kan bori a 1972. Wanda ya karanta zai ga abin da kakanninmu mata suka sani tun tuni: yawanci ciwo ne ke kai mace ga girka, ciwon da ya ƙi ji, ko rashin haihuwa, ko mutuwar ƴaƴa, kuma ba saiwoyi kaɗai ke aiki ba, har da ƙungiyar da ta karɓe ta ta ba ta matsayi. Ba ina kiran kowa zuwa bori ba ne, malamai sun yi bayaninsu kuma yau an fi zuwa ruƙiyya. Abin da nake so ku lura da shi daban ne. Matan namu ne, ciwon namu ne, maganar da Hausa aka yi ta, amma littafin da Faransanci ya fito, kuma a ɗakunan karatun Faris aka fi saninsa.

Mi ya sa wannan ke da nauyi? Saboda ma'aunin hankali ba kamar ma'aunin zazzaɓi ba ne, wanda za ka ɗauko daga ko'ina ka sa a hammata. Ga misali daga Laberiya. A shekarun 1960 John Gay da Michael Cole sun yi aiki cikin ƙabilar Kpelle, waɗanda ake cewa yaransu ba su gane lissafin lakwal. Sai suka kawo shinkafa cikin kwano suka ce a ƙiyasta gwangwani nawa ne a ciki. Manoman Kpelle da ba su taɓa zama aji ba suka fi Amurkawa masu karatu dacewa nesa ba kusa ba. Ku kawo misalin gida: ba mai awo a kasuwar Tasawa buhun hatsi, da ido za ta gaya maka tiya nawa. Amma ka ba ɗanta takardar gwaji da aka tsara wa yaran Faris, da hotunan abubuwan da bai taɓa gani ba, cikin harshen da ya fara ji a aji, sai sakamako ya ce yaron ba ya da basira.

Haka yake wajen jinya. Mace ta zo likita ta ce zuciyarta ta ɓaci, ko gabanta na faɗuwa, ko kanta na yi mata zafi, ko an yi mata sammu. Wace cikin waɗannan ce abin da littafi ke kira "dépression"? Wace ce firgita, wace ce farfaɗiya da aka ɗauka iska ce? In sai an bi ta tafinta, rabin zancen ya zube a hanya, balle abin da mace ba za ta faɗa gaban mutum na ukku ba. Wanda zai zauna ya tattara irin waɗannan kalmomi, ya gwada su kan mutane ɗaruruwa, ya fitar da ma'aunin da ya tsaya da ƙafarsa a Hausa, shi ne mai doktora. Aikin tez ke nan. Kuma kar a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, psikiyatar: wancan karatun likita ya yi, shi ke rubuta ordonansi. Psikolog ba ya rubuta magani, nashi sauraro ne da awo da jinya ta hanyar magana.

A Nijar, an kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, kuma ana koyar da psikoloji a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Hukumar CAMES, mai tantance digirori da muƙaman malaman jami'a a ƙasashe masu Faransanci, a Yamai aka haife ta a 1968, ko da yake mazauninta Wagadugu. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kiwon lafiya. Wajen jinya kuwa, sunan da kowa ya sani shi ne Pavillon E na babban asibitin Yamai, har ya zama abin tsokana tsakanin matasa. Daga Tasawa zuwa can kusan kilomita 800 ne. Ku lissafa kuɗin mota na majinyaci da mutum biyu masu riƙe shi, da abinci, da masauki, ku gaya mani magidanci nawa a Urafan ko Isawan zai iya. Shi ya sa turu bai ɓace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, irin majo na CSI, gane waɗannan cututtuka da ba da taimakon farko. Dabara ce mai kyau, amma mai koyarwar da mai bin sawun aikin dole su kasance masu zurfin karatu.

Aikin kuwa ga shi jibge. Tun yunwar 2005 cibiyoyin tamowa suka nuna cewa yaro ba abinci kaɗai yake buƙata ba, har da wasa da kulawar uwa, uwar da ita kanta ta gaji. Ga ƴan ci-rani da ake korowa daga Aljeriya ta Asamaka, wasu su dawo ba su barci, ba su magana. Ga ƴan gudun hijira da suka shigo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. Ga tramol cikin samari. Kowane ɗaya tez ne mai zaman kansa.

Ga ɗalibai da iyayensu da ke tambaya, lissafin hanyar a tsarin LMD shi ne: bayan bak, lisansi shekara 3, mastar shekara 2 tare da zaman koyon aiki a asibiti, doktora aƙalla shekara 3, ƙarƙashin malamin da ya yarda ya jagoranci binciken, a ƙarshe a kare tez gaban alƙalai. Shekara takwas ke nan, in ba a maimaita aji ba, ba a yi yajin aiki ba, kuma burs ta zo kan kari. Wanda ya tsani lissafi ya sani tun yanzu akwai kididdiga a ciki tun shekarar farko.