Ƙofar Jami'a, Jiya da Yau

Mai karatu, yaranmu sun ɗauka tun fil'azal JAMB ce ƙofar jami'a. Ba haka ba ne. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke tantance ɗalibanta, wani ya samu gurbi biyu, wani ya tashi a tutar babu. Shi ya sa gwamnatin Obasanjo ta kafa JAMB. A 2005 jami'o'i suka ƙaro nasu gwajin, a 2015 kuma jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya.

Sai dai akwai wata tsohuwar hanya, IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya. Wanda ya ci ta, fom ɗin shiga aji biyu zai cike. Yara nawa suka tsufa a gida suna maimaita JAMB don ba wanda ya gaya musu?